Na ba shi motopompo, ƙanenshi ya kashe inji, yanzu ya ce wai aro ne

Tambaya: Salamu alaikum Metir, barka da aiki. Daga Tawa nake. Ina da motopompo da na saya jikka 150 shekara biyu da suka wuce, bana ban yi garka ba sai maƙwabcina ya roƙe ni in ba shi ya yi ban ruwan albasa, muka yi da shi in an cire albasa zai ba ni buhu 3. Ba mu rubuta komi ba amma akwai muryarshi a WhatsApp inda yake faɗin buhu ukun. Ashe ya ɗauka ya ba ƙanenshi can wajen Tabalak, inji ya kama, makanise ya ce rashin man inji ne. Yanzu ya ce wai aro ne na ba shi, kuma kayan aro in ya mutu tsautsayi ne. Ba buhu ba inji. Abokai na ce min in je in ɗauko motonshi in riƙe, wasu sun ce in kai shi jandarma. Mi ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya mayar da alheri. Kafin komi, don Allah ka bar moton maƙwabcin nan naka inda yake. Ranar da ka ɗauke shi ba da yardarshi ba kuma ba da takardar alƙali ba, magana ta juya, kai da ke bin haƙƙi kai za a kira komisariya ana tambayarka yadda aka yi kayan mutane suka kwana gidanka.

To maganar aro. Dokar farar hula da muke aiki da ita a Nijar, wato Code civil da muka gada tun kafin 1960, ta raba abu biyun nan sarai. Aro kyauta ne, haka sashi na 1876 ya ce. Da zarar an yanka wani abu da za a biya, ko kuɗi ne ko buhun albasa, to ya zama haya, sashi na 1709, ko da a baki kun ce "ara min". Saboda haka muryar nan ta WhatsApp ita ce jarinka, kar ka goge, kar ka sayar da wayar, ka tura wa wani amintacce ya ajiye maka.

Amma ko da mun bi shi a kan cewa aro ne, bai tsira ba, hasali ma ya ƙara shaƙe kanshi. Mai aro ba a ɗora mishi biya in abu ya tsufa ko ya gaji ta hanyar aikin da aka ara don shi ba tare da sakacinshi ba, sashi na 1884 ke nan. Shi kuwa an ba shi don garkarshi ya ɗauka ya miƙa wa wani a wani gari, aka bar inji na aiki ba mai. Sashi na 1880 ya ce ya kula da kayan yadda mai hankali ke kula da nashi kuma kar ya wuce abin da aka yi da shi, na 1881 ya ƙara da cewa wanda ya yi wani aiki daban da kayan ko ya wuce lokacin da aka ɗiba, asara a wuyanshi take ko da tsautsayi ne na gaskiya. Kuma rashin duba mai ai ba tsautsayi ba ne, duk mai garka ya san kafin a ja igiya ana zaro sandar mai a duba.

A haya lissafin ya ɗan bambanta, kuma nan ne mutane da yawa ke mamaki. Mai haya na da damar ya ba wani kayan in ba a hana shi ba tun farko, sashi na 1717, don haka miƙa wa ƙanenshi kaɗai ba lalle ya zama laifi ba tunda ba ku yi maganar ba. Sai dai duk ɓarnar da mutanen gidanshi ko wanda ya miƙa wa suka yi, shi za a tambaya, sashi na 1735, ba ruwanka da bin ƙane har Tabalak. Sannan sashi na 1732 ya ɗora mishi nauyin hujja, shi ne zai nuna cewa lalacewar ba laifinshi ba ce, ba kai ne za ka nuna laifinshi ba. An rubuta waɗannan sassan da gidaje da gonaki a zuciya amma ana aiki da su a kan kayan aiki ma.

Yanzu bari in faɗa maka inda za a iya kama ka, don lauya da ke faɗa maka daɗi kawai kuɗinka yake so. Mai ba da haya shi ke da alhakin ba da kaya mai lafiya, kuma sashi na 1721 ya sa shi lamunin duk aibin da ke hana aiki ko da bai san da shi ba. In injin dama yana shan mai ko yana hayaƙi tun yana hannunka, kuma maƙwabcin ya samu shaida, to diyyar za ta ragu ko ma ta faɗi. Ka tambayi kanka tsakaninka da Allah yaushe ka yi mishi bidanji, wato canjin mai, na ƙarshe.

Abu na biyu, kar ka sa ran jikka 150 cif. Inji ya yi maka aikin shekara biyu, alƙali na duba asarar da ka yi ne, ba sabo zai saya maka ba. In yana gyaruwa, kuɗin gyara, fistan da sagima da aikin makanise. In ya mutu murus, kimar irinshi na hannu a kasuwa. Sai buhu 3 ko kuɗinsu, wannan bashi ne daban. In kana da wanda ya so ya yi hayarshi ka rasa saboda ya lalace, kana iya nema amma sai da shaida.

Jandarma fa? Lalata kayan haya ta sakaci magana ce ta farar hula, ba a ɗaure mutum a kanta. Da sayar da injin ya yi, ko ya jinginar, ko ya ɓoye ya ce ya ɓata, wannan cin amana ne kuma laifi ne a dokar hukunta laifuka, can sai a kai ƙara. Naka bai kai nan ba, kuma ni ban son ɗabi'ar nan ta kai maƙwabci birgad ɗin jandarma don a tsorata shi, sau tari kuɗin ba ya fitowa sai gaba ta shekaru tsakanin gida biyu.

Ga yadda zan bi da ni ne. Kar a taɓa injin tukuna, makanise ya buɗe shi gaban shaidu biyu da shi maƙwabcin in ya yarda ya zo, a ɗauki hoto, ya rubuta abin da ya gani da kuɗin gyara ya sa hannu. In kana da hali wisiye, wato ma'aikacin shari'a mai kai takardun kotu da tabbatar da abin da ya faru, ya zo ya rubuta takardar gani da ido, ta fi ƙarfi. Daga nan ku je wurin mai unguwa ko sarki, doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta irin wannan, amma ka dage a rubuta abin da aka sasanta, nawa ne, ranar biya yaushe, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Yanzu ne lokacin, tun albasar na rumbu bai kai ta kasuwa ya kashe kuɗin ba. In ya ƙi, wisiye ya kai mishi takardar gargaɗi da wa'adi, in ya wuce sai kotu a Tawa. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya tambayi ofishin ANAJJ, hukumar ƙasa ta taimako kan shari'a, a babbar kotu, aikinsu ke nan taimakon marasa hali. In kuma ya riƙe injin ya ƙi maidowa, dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta bai ɗaya da Nijar ke bi tare da wasu ƙasashen Afirka, na da gajerar hanya inda alƙali ke ba da umurnin a mayar da kaya. Sai dai ka yi lissafi kafin ka shiga, kar kuɗin wisiye da zirga-zirga su haura kuɗin fistan.

Badi in za ka sake ba wani, ko gurub ne ko injin niƙa ko bash da kujerun biki, falle ɗaya ya isa, da Hausa ko ajami ma ya yi. Sunayenku da lambar katin shaida, irin injin da lambar da ke jikinshi, halin da yake ciki ranar da aka ɗauka tare da bidiyo yana aiki, kimarshi a kuɗi, wace garka zai yi aiki, daga yaushe zuwa yaushe, nawa za a biya, wa ke sayen isansi da mai, wa ke gyara, an yarda a juya shi ya koma aiki da gaz ko ba a yarda ba, sannan a rubuta ƙarara ba za a ba wani ba. Ka karɓi kosiyo, wato kuɗin ajiya da za a mayar mishi in ya dawo da kayan lafiya, ka ba da risi. Kwafi biyu, kowa ya riƙe nashi, da shaidu biyu waɗanda ba ƴan gidanka ba.