Amsa Ga Kawu Kan Neman Likitan Ƙwaƙwalwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Kawu, ina gaisuwa, ina kuma gaishe da iyayenmu da 'yan uwa da ke wannan zaure na dangi. Na saurari saƙonka na daren jiya game da ƙanenmu, yadda barci ya ƙaurace masa, yake magana shi kaɗai, yake kuma zargin ana zuba masa wani abu a cikin abinci. Na ji tambayarka kan mutumin da aka ba ka labarinsa, wanda yake zuwa ranar kasuwa yana yi wa masu irin wannan lalura allura, ana kiransa likitan ƙwaƙwalwa, da kuma tambayarka ko inshorar lafiyar da ake cire maka a albashi za ta ɗauki nauyin jinyar. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Zan amsa gwargwadon abin da aikin jinya ya sanar da ni.

Kafin mutum ya cancanci a kira shi likitan ƙwaƙwalwa a Najeriya, sai ya yi shekara 6 a jami'a ya sami digirin likita, wato MBBS, ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki a babban asibiti, sannan ya sake komawa horo na wasu shekaru a fannin ƙwaƙwalwa kaɗai, ya ci jarrabawar kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa da ke Legas ko ta Afirka ta Yamma. Wanda ya gama da ta farko za ka ga an rubuta FMCPsych a bayan sunansa, wanda ya gama da ta biyu kuma FWACP. Irin waɗannan likitoci kaɗan ne ƙwarai, domin ƙiyasin da aka fi ambata shi ne ba su wuce 300 ba a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, kuma mafi yawansu suna manyan asibitocin birane. Saboda haka, Kawu, da wuya a ce ɗaya daga cikinsu ne yake ɗauko jaka yana bin kasuwannin ƙauye. Ban san mutumin ba, ba zan kuma ci zarafinsa ba, amma wannan kaɗai ya isa a tsaya a yi bincike.

Binciken ba shi da wuya, kunya ce kawai take hana mu yin sa. Kowane likita a ƙasar nan yana da rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, yana da lambar da aka ba shi, kuma duk shekara sai ya sabunta lasisinsa na aiki. A roƙe shi cikin ladabi ya nuna lasisin bana, ba na bara ba, a rubuta cikakken sunansa da lambar. Likita na gaskiya ba ya jin haushin wannan. Wanda ya fusata, ko ya ce ya bar takardun a gida, ko ya ce an raina shi, to ya riga ya amsa tambayar.

Amma takarda ana iya buga ta a shagon kwamfuta, shi ya sa ni na fi ba da ƙarfi ga tambaya ta biyu: a wane asibiti yake aiki, kuma wace rana yake zama a can? Likitan ƙwaƙwalwa yana da mazauni. Yana da sashen da ya san shi, da ma'aikatan jinya da suke aiki tare, da ɗakin kati inda ake ajiye fayil ɗin majinyatansa. Idan ya ambaci asibiti, a tura ɗaya daga cikin yaranmu da ke birni ya je sashen ya tambaya ko akwai mai wannan suna, tambaya ce ta minti biyar. Idan kuma ya ce asibitin kansa gare shi, to shi ma asibitin dole ne ya kasance da rajista. A Kano akwai hukumar PHIMA mai kula da asibitoci masu zaman kansu, a nan Jigawa kuma sai a tuntuɓi Ma'aikatar Lafiya da ke Dutse.

Dalilin da ya sa na nace a kan mazauni shi ne, wannan ciwo ba na allura ɗaya ba ne. Ana ɗaukar watanni, wani lokaci shekaru, ana komawa ana duba majinyaci, a ƙara magani ko a rage, ko a sauya shi gaba ɗaya. Magunguna irin su haloperidol da chlorpromazine suna aiki, amma suna iya sa wuyan mutum ya karkace, harshensa ya fito, yawu ya riƙa dalala, hannu ya riƙa rawa, tafiyarsa ta sandare. A asibiti an san wannan, akwai maganin da yake warware shi, sai kuma a gyara yawan abin da ake ba shi. A ƙauye kuwa, idan hakan ta faru da tsakar dare bayan mai allurar ya kama gabansa, sai a ce aljanu ne suka tashi, a danne yaro ko a ɗaure shi, alhali magani ne ya yi masa yawa. Kuma idan aka kai shi asibiti aka tambayi abin da aka yi masa, babu mai iya faɗa, domin ƙwayoyin a farar leda aka ƙulle su babu suna, allurar kuma ba wanda ya ga kwalbarta. Wanda zai fara ba shi magani ya zama wanda za a iya samunsa gobe.

Wuraren da za a je sanannu ne. Mafi kusa da mu shi ne asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure. Akwai na Dawanau a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, akwai kuma sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake horar da likitocin fannin. Na tarayya da ke Barnawa a Kaduna ya yi mana nisa, ba na ganin za a buƙace shi. Kada ka yi mamaki idan a zuwan farko ba babban likitan ne ya gan shi ba. Sau da yawa likita mai neman ƙwarewa ne ko ma'aikacin jinya da ya karanci fannin yake fara dubawa, kuma wannan ba laifi ba ne muddin a ƙarƙashin babban yake aiki. Kana da damar tambayar sunan babban likitan da fayil ɗin yake hannunsa. Akwai kuma masanin halayyar ɗan Adam, wanda aikinsa zama da majinyaci ne da tattaunawa, ba ya rubuta magani, amma amfaninsa babba ne idan hankali ya fara dawowa.

Sai maganar inshora, kuma a nan ina so a yi hattara kada a yi asarar kuɗin mota. Kai malamin makaranta ne na jiha, don haka tsarinka na JICHMA ne, wato hukumar inshorar lafiya ta Jigawa, kamar yadda ma'aikatan Kano suke da tasu, KSCHMA, na tarayya kuma suke ƙarƙashin hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, wadda ta maye gurbin NHIS a 2022. Abu na farko da za a tabbatar shi ne ko sunan yaron yana cikin rajistarka har yanzu. A tsarin ma'aikatan tarayya, ana ɗaukar ma'aikaci da matarsa da 'ya'ya 4 waɗanda ba su kai shekara 18 ba, kuma majinyaci yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. Ƙanenmu ya wuce ashirin, saboda haka ka ɗauki katinka ka je teburin inshora a asibitin da ka zaɓa lokacin rajista, ka tambaye su ƙa'idar shekaru a naku tsarin, da yadda ake yi masa rajistar kansa idan ya fita.

Idan yana ciki, kada a wuce kai tsaye zuwa asibitin ƙwararru. Ƙa'idar ita ce a fara da asibitin rajista, su duba shi, su rubuta takardar turawa, a kuma sami lambar amincewa kafin a tafi, in ba haka ba za a iya cewa ka biya daga aljihunka. Ka tambaye su dalla-dalla ko asibitin da za a tura shi yana karɓar katin, musamman idan a wata jiha yake, ko kwanciya tana ciki da iyakar kwanakinta, da kuma ko magungunan da ake rubutawa suna cikin jerin da suke bayarwa. Wani lokaci ganin likita yana ciki amma maganin sai an saya a waje. Idan ta kai ga haka, a saya a kantin magani mai rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwalin, a kuma adana rasit. Idan ma ba ya cikin inshorar, ka gaya wa likita gaskiyar ƙarfinka, domin tsofaffin magungunan suna da araha, kuma likita yakan duba hali kafin ya zaɓa.

Na san Gwaggo za ta tambayi batun ruƙiyya. A ci gaba da addu'a da karatu, ba su hana magani ba. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne duka, da mari, da hana abinci, ko a ce a ajiye maganin asibiti. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta soke tsohuwar ta 1958, ta tanadi kare mutuncin majinyaci da haƙƙinsa. Ina kuma roƙon 'yan uwa kada maganar nan ta fita daga wannan zaure, saurayi ne, yana da aure da sana'a a gabansa.

Akwai halin da ba a jiran duk wannan bincike. Idan ya ambaci kashe kansa ko cutar da wani, ko ya ƙi ci da sha gaba ɗaya, ko zazzaɓi mai zafi ko jijjiga ta haɗu da ruɗewar, a kai shi babban asibiti mafi kusa a wannan sa'a, domin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da sanƙarau su ma suna ruɗa mutum. A kawar da wuƙa da maganin feshin gona daga inda hannunsa zai kai.

Ranar tafiya, wanda yake kwana ɗaki ɗaya da shi ya bi ku, domin shi ne zai iya faɗin lokacin da abin ya fara da yadda dare yake kasancewa. A faɗa wa likita gaskiya idan ana zargin ya taɓa shan tramadol ko wiwi ko kodin, ɓoyewa tana karkatar da magani. A haɗa duk abin da aka riga aka ba shi, na kemis da na gargajiya, a tafi da shi. Kawu, ka turo mini hoton katin inshorar ta lambata, ba a zaure ba, zan kira ka bayan la'asar in sha Allahu mu tsayar da ranar. Wassalamu alaikum.