Tambaya da Amsa: Kyamarar da ake sauya wa gilashi

Assalamu alaikum, Malam. Mu huɗu ne a Aboabo muka haɗa kuɗi muka sayi Sony FS5 ta hannu, za mu yi fim ɗin Hausa a nan Kumasi. Ba ta zo da gilashi ba, amma abokinmu mai ɗaukar hoton biki yana da na Canon. Za su hau? Wanne kuma za mu fara saya?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya sa wa sana'a albarka. Za su hau, amma sai da adafta. Bakin kyamararku na E ne, gilasan Canon kuwa na EF. Tazarar gindin gilashi zuwa sensa, wato farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, milimita 18 ce a E, 44 a EF, don haka aikin adafta shi ne cike giɓin milimita 26. Shi ya sa gilashin EF ke hawa kyamarar E, na E kuwa ba ya hawa ta EF ko da wace dabara. Ku nemi adafta mai lantarki. Gilasan EF ba su da zoben da ake juya ƙofar haske da hannu, kyamara ce ke ba da umarni. In kuka sayi ta ƙarfe zalla don araha, ƙofar za ta tsaya a wangale, ba damar rage ta.

Sai ku lura da girman sensa. Taku Super 35 ce, ta fi ta babbar kyamarar hoto ƙanƙanta, saboda haka gilashin 50mm zai nuna muku kamar 75mm. A ɗakin gidan haya irin namu na Zango, mai mita uku zuwa huɗu, za ka jingina da bango amma mutum biyu a kan tabarma ba su shiga hoto tare ba. Ku fara da mai faɗi. Sigma 18-35mm f/1.8 na bakin EF ya dace da wannan sensa kuma yana aiki a ƙaramin haske, sai dai nauyinsa ya haura gram 800, ku sa masa matokari kada ya wahalar da adafta. Daga baya ku ƙara 50mm f/1.8 don ɗaukar fuska.

Kada sha'awar dishewar bayan hoto ta ja ku ku buɗe ƙofar haske har ƙarshenta, wato f/1.8, a kowace fitowa. Da 50mm a tazarar mita biyu, wurin da ke fita sarai bai kai taƙi ɗaya ba. Jarumi ya ɗan sunkuyo zai ɗauki kofin shayi, idonsa ya dushe, kunnensa ne ya fito. A ƙaramin allon kyamara ba za ku gani ba, sai kun zauna tacewa a kwamfuta, lokacin kuwa 'yan wasa sun watse. Ku tsaya tsakanin f/2.8 da f/4 in ana motsi. Yawancin gilasan hoto ma in ka zuƙo ka saita fokas sannan ka ja baya, saitin ya goce, dole a sake shi.

Malam, daga Asawase nake rubutowa. Yayana ne ya aiko mini da kyamara daga Amurka. A cikin ɗaki hoton yana ƙyaftawa, wasu layuka na ta hawa sama. Da rana kuma farar riga sai ta ƙone fat. Ta lalace ne?

Lafiyarta ƙalau, 'yar'uwa. Wutar Amurka 60Hz ce, tamu ta Ghana 50Hz, wato ƙwan fitilarmu yana bugawa sau 100 a daƙiƙa. Ki shiga saitin kyamarar ki mayar da ita 50Hz ko PAL, ki zaɓi hoto 25 a daƙiƙa, shota, wato tsawon lokacin da haske ke shiga kowane hoto, 1/50. Layukan za su ɓace. Ranar da dumsor, wato ɗaukewar wuta, ya sa aka koma kan janareta, bugun wutar ba ya tsayawa daidai, ƙwan LED mai araha kuma ya fi kowanne tona asiri. Kafin 'yan wasa su shigo, ɗauki farin bango na rabin minti ki duba. In yana rawa, kashe ƙwan ɗakin ki kunna fitilar batir.

Game da rana, kada ki ɗaga shota zuwa 1/1000 don rage haske, tafiyar mutane za ta riƙa tsinkewa. Aikin filtar ND ke nan, wadda ke rage haske kamar baƙin tabarau, kuma yawancin irin waɗannan kyamarori suna da ita a ciki. Canon C100, misali, tana da mataki uku. Kunna zebra, wato layukan da kyamara ke zanawa a allo inda haske ya yi yawa, a 100, ki rage haske har layukanta su bar jikin farar rigar. Fuska za ta yi duhu, sai wani ya riƙe farin kwali ko faifan mayar da haske daga gefe, kusa da ita. Fatarmu tana fita da kyau da haske mai laushi mai faɗi. Ɗaukar waje ta fi daɗi kafin ƙarfe goma na safe ko bayan la'asar, amma ki yi hanzari, da shida ta gota duhu yake rufowa.

Na ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo a cikin gilashina. Daga Sawaba.

Fumfuna ce, danshin damina ya haifar da ita, musamman in gilashi ya kwana a jaka bayan an sha yayyafi. Ware shi daga sauran yau ɗin nan, ka kai wa mai gyara. In ta daɗe tana cinye rufin gilashin. Sauran ka ajiye su a roba mai murfi da ƙunshin silika, ka riƙa busar da silikar ko sauya ta. Da hunturu kuma ƙura ce matsala: kashe kyamara, kifa bakinta ƙasa, sauya gilashi a cikin ɗaki ko mota. Sensa da famfon roba ake hura ta, ba da baki ba, ba a kuma goga mata bakin riga.

Makirfon jikin kyamara ya isa?

Bai isa ba, ɗan'uwa. Sa doguwar makirfo a sanda, tazarar kamu ɗaya zuwa biyu sama da bakin mai magana, haɗa ta da wayar sauti ta XLR, kunna wutar 48V da kyamara ke ba makirfo in tana buƙata, ka bar murya tana kai -12 a ma'aunin sauti. Mai sauti kada ya cire abin ji daga kunne. A tsara hutu daidai lokacin kiran salla, a kuma ɗauki shirun kowane ɗaki na minti ɗaya kafin a tashi, zai yi amfani wajen tacewa.