Sinanci ko Japananci, wanne ya fi wuya?

Ƙanena, ka ce kana neman tallafin karatu a ƙasar Sin da Japan, kana so ka san harshen da zai fi wahalar da kai. Duka biyun ba kanwar lasa ba ne, sai dai wahalar Sinanci tun a bakin ƙofa take tarbar mutum, ta Japananci kuwa sai ya shiga tsakar gida.

Matsalar farko a Sinanci karin sauti ne, guda huɗu. Kalmar Sinanci "mai" idan ka sauke murya ka ɗago, saye kake nufi; idan ka sauke ta da ƙarfi, sayarwa. Bahaushe yana da sa'a a nan, tunda Hausa ma da karin sauti take aiki, amma namu ba ya lanƙwasa haka. Wanda ya yi sakaci da wannan a watannin farko, gyara yakan gagare shi. Nahawun kuwa da sauƙi: aikatau ba ya sauya siffa, jerin jimla kuma irin namu ne, mai aiki, aikin, sannan abin da aka yi wa. Sauran aikin haddar haruffa ne, kusan 2,500 zuwa 3,000 kafin ka karanta jarida, amma galibinsu karatu ɗaya gare su.

Japananci a baki kamar don mu aka yi shi. Wasula biyar ne, akwai gajere da dogo, akwai baƙi mai shadda. Haruffan sautinsu iri biyu, hiragana 46 da katakana 46, mai himma zai haddace su cikin makonni kaɗan. Daga nan ne gumi yake farawa. Kanji, wato haruffan da suka aro daga Sinanci, guda 2,136 gwamnatin Japan ta ware don amfanin yau da kullum, kuma yawancinsu karatu biyu ko fiye gare su, na asalin Sin da na gida. Harafin da ke nufin rayuwa, a nan "sei" ne, a can "nama", gaba kaɗan "ikiru". Aikatau sai ƙarshen jimla, don haka sai mutum ya rufe baki za ka san ya yi ko bai yi ba. Ga kuma keigo, salon girmamawa, inda aikatau ɗin kansa yake canzawa idan da malami ko maigida kake magana. A ganina, nan Japananci ya sha gaban Sinanci a wuya.

Batun jarrabawa: tallafin CSC na gwamnatin Sin yakan ba da shekara guda ta koyon harshe, jami'o'i da dama kuma mataki na 4 na HSK, jarrabawar ƙwarewa a Sinanci, suke nema, kalmomi wajen 1,200 a tsohon tsari. Na MEXT, wato tallafin gwamnatin Japan, shi ma yana da shekarar share fage ga masu digirin farko, amma idan aka zo neman aiki, kamfanonin Japan ba kasafai suke duba wanda bai kai matakin N2 a JLPT ba, wato jarrabawar ƙwarewa a Japananci. Ita JLPT a watan Yuli da Disamba kawai ake yin ta, wasu ƙasashen ma sau ɗaya a shekara, saboda haka ka duba ranar rufe rajista tun kafin ka fara cike takardun neman tallafin.