Amsoshin tambayoyinku: AI a kasuwa, da masu yankan aljihun mutane da sunanta

Assalamu alaikum. Yawancin saƙonnin wannan makon a kan abu ɗaya suka taru, wato ƙirƙirarriyar basira, wadda kowa ke kira AI. Na tsamo biyar daga ciki.

Tambaya: Malam, na je Farm Centre sayen waya, mai shagon ya ce in ba na sayi “wayar AI” ba, an bar ni a baya a harkar kasuwanci. Kuɗinta ya kusa ninka abin da na tanada sau uku. In ranto in cika? Daga wani mai shagon takalma a Kofar Wambai.

Amsa: Kada ka ranto ko sisi. Manhajojin AI irin su ChatGPT da Gemini da Meta AI duk ba a cikin wayarka suke yin aikin ba, a manyan kwamfutocin kamfanoninsu suke yi, waya dai aikawa take yi ta karɓo amsa. Duk wayar da ke buɗe WhatsApp ba ta maƙalewa ta ishe ka. Sayi wadda ka yi niyya, ka duba batir da kyamara tunda hoton kaya za ka riƙa ɗauka, ragowar kuɗin ka ƙara a jari.

Tambaya: Ina sayar da atamfa da leshi daga gida, ina saro wa a Kantin Kwari in ɗora a sitatus. Yaran yanzu na ga tallarsu tsaf-tsaf, an ce AI ke rubuta musu. Ni karatuna bai yi nisa ba, kuma da wannan sana'ar nake riƙe da marayu. Ina tsoron kwastomomina su gudu. Daga wata uwa a Gwammaja.

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, Allah Ya raya marayun nan Ya yi musu albarka. Abin da kike tsoro yana nan cikin wayarki kyauta. Tun watan Afrilun 2024 aka saka Meta AI a WhatsApp ɗin 'yan Najeriya, ita ce 'yar da'irar nan da kike gani idan kin buɗe. Ki taɓa ta, ki rubuta mata kamar yadda za ki yi wa 'yarki bayani: ga sunan atamfar, ga launinta, ga kuɗin turmi, ana kai wa har gida a cikin gari, a rubuta mini talla gajeriya. Za ta rubuto. Sai dai ki karanta kafin ki ɗora, domin Hausarta ba ta nuna ba. Da rubutun Turanci aka fi horar da ita, shi ya sa wani lokaci za ki ga jimlar da babu Bahaushen da zai faɗe ta. Ki gyara da bakinki, ko wata a gidan ta karanta miki.

Abu ɗaya nake roƙon ki. Kada ki bari a gyara miki hoton kaya da AI har launi ya sauya. Mace ta ga ja mai haske a waya, ɗan aike ya kawo mata wanda ya yi duhu, to algus ne ko ba ki yi niyya ba, kuma ba za ta dawo ba. Ki shimfiɗa turmin a tsakar gida da hantsi, ki ɗauka yadda yake. Sannan lambobin wayar kwastomominki da sunayen masu bashi, kada ki zuba su a ciki. Amana ce, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan.

Tambaya: Wace manhajar AI ce za ta faɗa mini farashin buhun masara a Dawanau nan da wata uku, in saya in ajiye?

Amsa: Babu, kuma wannan ba tambayar ɗan kasuwa ba ce. Gaibu kake nema? Irin su ChatGPT, wadda kamfanin OpenAI ya fitar a ƙarshen Nuwamban 2022, an ɗura musu rubuce-rubuce masu tarin yawa ne, suka koyi wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo wata. Ba ta san ko damina za ta yi kyau ba, ba ta san ko gwamnati za ta buɗe boda ko ta shigo da hatsi ba, ba ta san motoci nawa suka sauke kaya jiya ba. Abin da ya fi muni, idan ka matsa mata za ta iya ba ka lamba, ta faɗe ta da ƙarfin gwiwa kamar ta gani da ido. Dillalin da ya shekara talatin a Dawanau ma cewa yake Allahu a'alamu.

Tambaya: Wani abokina ya saka ni a wani gurup na Telegram. Sun ce suna da na'urar AI da ke yin cinikin kirifto, wato kuɗin intanet, dare da rana, ba ta faɗuwa, kuɗi na ninkawa cikin kwana 30. Shi ya saka kaɗan ya cire da riba, na ga alat ɗin da idona. Ina so in ɗebi miliyan biyu daga kuɗin kayan da maigidana ya ba ni, in mayar kafin lissafi. Daga wani yaron shago a Kwari.

Amsa: Ɗana, don girman Allah ka tsaya. Wannan saƙon naka shi ya hana ni sukuni, domin ba kai kaɗai ne ka aiko irinsa ba.

Wannan maganar da aka faɗa maka, kusan ita ce CBEX, wata manhajar zuba jari ta intanet, ta faɗa wa mutane: AI ce ke cinikin, riba ɗari bisa ɗari cikin kwana 30. A watan Afrilun 2025 aka wayi gari babu mai iya cire kuɗinsa. Mutane suka fasa ofishinsu a Ibadan don baƙin ciki, hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari ta ce ba ta taɓa yi musu rajista ba, EFCC ta shiga bincike. Kafin su akwai MMM, wata harkar zuba kuɗi irin wannan, wadda ta rufe asusun mutane a Disambar 2016. A wancan lokacin, da sunan taimakon juna aka zo, yanzu da sunan AI, domin sun lura kalmar na rufe wa mutane baki, kowa na jin kunyar a ce bai waye ba.

Ribar da abokinka ya cire ba daga wani ciniki ta fito ba. Kuɗin wanda ya shiga bayansa aka yanko aka ba shi, don ya nuna maka alat, kai kuma ka kawo miliyan biyu. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ka tambayi kanka, mutumin da yake da na'urar da ke ninka kuɗi kowane wata, me zai yi da kuɗin yaron shago? Me ya sa sai ka kawo wasu ake ƙara maka kaso? Manyan bankunan duniya suna da kwamfutoci da ƙwararrun da suka fi na kowa, suna amfani da AI ɗin, kuma suna tafka asara. Duk cinikin gaskiya akwai faɗuwa a cikinsa, kai da kake Kwari ka fi ni sani.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne a Kano muke, garin da mutum zai murza shadda da yatsa biyu ya faɗa maka ko ta gaske ce, zai juya rasit sau uku kafin ya saki kaya. Mutumin nan dai, da an nuna masa lambobi suna hawa a fuskar waya sai ya miƙa jarinsa ga wanda bai san fuskarsa ba, bai san shagonsa ba, ba shi da wanda zai kai wa ƙara a ƙungiyar kasuwa. Lambobin nan da hannu ake rubuta su. Kuma yanzu ko bidiyo ba hujja ba ne. An sha yaɗa bidiyon bogi na Alhaji Aliko Dangote a Facebook yana kiran mutane su zuba kuɗi a wani shiri, alhali da AI aka haɗa muryar da motsin bakin. Da guntun saƙon murya ana iya kwaikwayon muryar maigidanka, a kira ka a ce tura kuɗi asusu kaza yanzu-yanzu ina wajen kwastan. In ka sami irin wannan kiran, katse, ka kira shi da kanka a lambar da ka sani. BVN da lambar sirrin da banki ke turowa kuwa, ko wa ya tambaya kada ka bayar.

Su ma masu tallar “koyi AI cikin kwana uku ka fara cin dala” ina da magana da su. Akwai masu koyarwa na gaskiya, amma da yawa abin da ke YouTube kyauta suke sayarwa. Haka masu sayar da asusun ChatGPT na haɗaka da araha: kuɗin ChatGPT Plus na gaske, wato asusun da ake biya, dala 20 ne a wata, ka lissafa da farashin 'yan canjin Wapa, ka ga ko abin da suke karɓa ya yi kama da shi. Duk abin da ka rubuta a asusun haɗaka, sauran da ke ciki suna gani, ranar da aka rufe shi kuma babu mai dawo maka da kuɗi.

Sannan, ɗana, miliyan biyun nan ba naka ba ne. Ko da a ce ribar tabbas ce, taɓa kuɗin maigida ba da saninsa ba cin amana ne. Ka fita daga gurup ɗin yau, ka gaya wa abokinka ya cire abin da ya rage masa tun ana biya, kuma kada ya ƙara jawo kowa.

Tambaya: Ni akawu ne a wani shagon sari a kasuwar Singa. Maigida ya ce ɗansa zai kawo manhaja mai AI da za ta riƙa lissafin kaya. Ina da iyali, ina fargabar sallama.

Amsa: Ƙanina, fargabarka a kan hanya take, ba zan ce maka babu abin da zai sauya ba. Manhajar za ta iya nuna wane kaya ke saurin fita, wane katan ya kusa lalacewa, yaushe ya kamata a sake oda. Amma da abin da aka shigar mata take aiki. In yaro ya fitar da katan goma na taliya aka rubuta takwas, takwas za ta lissafa. Dole akwai mai ƙirga kaya a sito, mai shigar da su daidai, mai sanin wane kwastoma ake ɗaga wa ƙafa. Don haka kada ka jira a kawo ta a kanka. Je ka sami maigida ka ce kai za ka koya, ka zauna da ɗan nasa ranar da za a ɗora ta. Ka ci gaba da rubuta littafinka na wata uku a gefe kuna gwadawa da abin da ta fitar, kuma ku tambayi mai sayarwa abu biyu kafin a biya: tana aiki idan babu sabis, kuma in kun daina biyan kuɗin wata za ku iya kwashe bayananku?