Amsa ga 'yar ƙanena kan wasan kaka da jika

Assalamu alaikum 'yata. Saƙonki ya same ni a Kasala lafiya lau. Kin ce tun da yaƙin 2023 ya tashe ku daga Khartum kuka koma gidan surukarki a Gadarif, yaronki mai shekara biyar kullum cikin kuka yake, don kakarsa na ce masa "mijina rago, ko cefane ba ya kawowa", 'ya'yan gwaggonsa kuma suna kiransa bawansu. Kina tambaya ko ki yi wa tsohuwar magana.

Kada ki yi. Aikinta take yi, kuma aiki ne da ke ba za ki iya ba. A wurinmu dangi kashi biyu ne: waɗanda ake jin kunyarsu da waɗanda ake wasa da su. Uwa da uba suna kashin farko, balle shi ɗan fari ne, wanda a zamaninmu ko sunansa uwa ba ta faɗa. Kaka kuwa ta kira jikanta namiji miji, ta kira jikarta mace kishiya, kakan namiji ya ce jikarsa amaryarsa ce. Ɗan mace da ɗan namiji taubasai ne, tsokana halal ce a tsakaninsu har tsufa. Da wannan iyayenmu suka zo ƙasar nan ta Sudan, da waɗanda suka bi Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903 suka zauna kusa da Sinnar, da waɗanda suka taso a ƙafa da niyyar hajji suka tsaya noma a hanya. Har wasan Fulani da Barebari, da na Kanawa da Zazzagawa, ba su baro su a baya ba.

Ba a haifar yaro da sanin wasa, koya yake yi. Ki tuna lokacin da yake rarrafe, a miƙa masa dabino, ya kawo hannu a janye, ya ƙyalƙyale da dariya. Karatun farko ke nan: abin da hannu ya yi daban, abin da ake nufi daban. Da ya fara magana sai abin ya yi masa wuya, domin ɗan shekara uku zuwa biyar kalma yake ji, ya ɗauke ta yadda ta zo. An ce rago, to shi rago aka ce. Sai a hankali yake gane cewa muryar kaka ta sauya, idonta na dariya, kuma bakin da ya ce rago, hannun mai shi ne ke tura masa tsokar nama. Labarin zuciya a tambayi fuska. Naki ya ɗan makara ne kawai, don ya tashi a gidan haya daga ke sai babansa, kuma Larabci ya fi zama a bakinsa, ga shi tsokanar da Hausa take zuwa.

Fuskar da ya fi dubawa kuwa taki ce. In kaka ta tsokane shi ya waigo ya ga kin haɗe rai, ya gama yanke hukunci cewa zaginsa aka yi. In ya ga kina murmushi, rabin kukan ya tafi. Sauran rabin, ki ba shi abin faɗa. Ki raɗa masa a kunne: "Ce mata tuwonki gudaji ne, kishiya zan yi miki." Ranar da ya faɗa tsakar gida ta ɗauki shewa, zai gane cewa baki ma na ramawa, ba sai da hannu ko hawaye ba. Taubasan kuma ya ce musu su ne bayin, su ɗauko masa takalmi. Kada ki rama masa da kanki, kada kuma ki ce "daina kuka, ai wasa ne" ki wuce. Bai san wasa ne ba tukuna, shi ya sa yake kukan.

Amma ki sa kunne, don ba duk abin da aka yi dariya a kansa ne wasa ba. Ni abu biyu nake dubawa: yaron yana da damar ramawa? In ransa ya ɓaci da gaske, mai tsokanar yana dainawa ya jawo shi jiki? Kaka tana dainawa. Wanda ya ga hawaye ya ƙara ƙaimi, cin zali yake yi. Halittar yaro, in-ina, fitsarin kwance, mutuncin iyayensa, duk ba a wasa da su. Haka in wani ya ce masa kun zo cin arziki a gidan mutane, wannan gori ne, ki kai maganar wurin mijinki ya tsawata. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi. Annabi (SAW) kuma ya yi wa ƙaramin yaro wasa, ƙanen Anas bin Malik, yana tambayarsa: "Ya Aba Umair, me ɗan tsuntsu ya yi?" Ki lura da alkunya ya kira shi kamar babban mutum.

Akwai kuma na waje. Wata rana a makaranta ko a layin burodi wani zai ce masa Fallata ko Takaruni, sunayen da ake kiran mutanenmu da su a nan, da muryar raini, mu ma an ce mana. Yaron da ya saba da tsokanar gida yakan bambance abokin da ke neman dariya da wanda ke neman ya ƙasƙanta shi. Na farko ya mayar masa, na biyu ya dube shi ya ce "Ƙwarai, Bahaushe ne ni", ya wuce, in ya dawo gida ya faɗa miki.

In watan cika-ciki ya kama, ki sa masa 'yan kuɗi a aljihu, don taubasai za su zo rigimar kuɗin shara, ki bar shi ya yi cinikinsa da kansa. Ki gaida surukarki da kyau, ki ce na ce ta sassauta wa angon nata kwana biyu kafin bakinsa ya buɗe. A gaida maigidan.

Gwaggonki.