Yadda za ki haɗa jinin bogi na Halowin

'Yar'uwa, kin tambayi yadda za ki yi wa yaronki jinin bogi don shigar Halowin (bikin da yara kan yi shigar ban tsoro) a makarantarsu can Amurka, ranar 31 ga Oktoba. Ba sai kin saya ba. Ki sami zuma cokali uku, ki ɗiga jar kalar girki, sannan ki barbaɗa garin cakulan kaɗan. Cakulan ɗin nan shi ne sirrin, domin ja zalla kamar zoɓo yake fitowa, jinin gaske kuwa ya fi duhu. In ya yi kauri, ki ɗan sa ruwa.

Ki fara shafa masa Vaseline, kalar tana kama fata. Kada jinin ya kusanci ido. Riga kuwa, tsohuwa za ki ba shi, tabon ba ya fita da daɗi.