Tambaya da Amsa: Ana zare min caja idan na bar motata tana caji

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Barnawa ne a Kaduna, bayan cire tallafin mai a 2023 na daure na sayi motar lantarki, tokumbo. Gidan haya nake kuma babu wajen shigar da mota, shi ya sa nake kai ta wata filaza mai sola in biya in jona cajata in wuce kasuwa. Sau biyu ke nan ina dawowa in tarar an zare wayar, batir ko rabi bai kai ba. Satin da ya wuce kuma wani abokina aka ɗauke masa cajar ɗungurungum lokacin da ya shiga sallar Juma'a. Don Allah ya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, sannu da haƙuri, shi kuma abokinka Allah Ya mayar masa da alheri. Wallahi abun da ciwo, don cajar motar nan ba irin ta waya ba ce da za ka tsaya a bakin Ahmadu Bello Way ka sayi wata, sai ka yi oda ka zauna jira, motar kuma tana ajiye.

Mutum biyu ne ke damunka, kuma ba maganinsu ɗaya ba. Akwai mai zarewa, wanda galibi ba ɓarawo ba ne, ko wani mai mota ne da ke sauri, ko yaro mai son taɓe-taɓe, ko ma mai shagon da ke son soket ɗin. Sannan akwai ɓarawo na gaske.

Mu fara da mai zarewa, don nasa ya fi sauƙi kuma wataƙila maganin yana cikin motarka ba ka sani ba. Ba ka gaya min irin motar ba, toh je ka duba kan cajar da kake cusawa. Idan zagayayye ne mai ramuka bakwai da samansa a daidaice, wannan shi ake kira Type 2, na motocin Turai, kuma shi mota ce da kanta ke kulle shi, akwai wani ɗan ƙarfe a cikin bakin cajin da ke fitowa ya riƙe kan, ko ƙato ne ya ja ba zai fito ba sai an buɗe motar. Matsalar ita ce motoci da yawa suna da zaɓi biyu, ɗaya ya riƙe cajar lokacin da wuta ke shiga kawai ya sake ta da zarar caji ya ƙare, ɗayan kuma ya riƙe ta har sai kai ka zo da makulli. Hyundai Kona, wadda a Najeriya aka fara haɗa ta a Legas a 2020, tana da wannan zaɓin, wasu Nissan Leaf ma suna da maɓallinsa kusa da sitiyari, an rubuta AUTO da LOCK. In waya taka ce, ka bar shi a LOCK, shi ke nan.

Idan kuwa kan cajar mai ramuka biyar ne da ɗan maɓallin da ake dannawa da babban yatsa a sama, wato Type 1 na motocin Amurka da Japan, toh tsofaffin ciki da yawa ba sa kullewa ko kaɗan, kowa ya danna ya zare. Amma ka juya shi ka duba maɓallin da kyau, a yawancinsu za ka ga wata 'yar huda. Ba ado ba ce, wajen kwaɗo ce. Ƙaramin kwaɗo irin na akwatin tafiya ya isa, da ka rufe maɓallin ba zai dannu ba. Ka tafi da cajar wajen mai kwaɗon ku gwada a gabanka, don wasu ƙarfensu ya yi kauri ba ya shiga.

Sai dai ka lura, duk wannan ɓangaren mota kawai ya kulle. Idan cajarka irin ta hannu ce mai fulogi da ake sokawa a soket ɗin bango, can ɗin a sake yake, kuma ina zargin nan ake zare maka. Ka yi magana da mai filazar, ka kawo mai walda daga Panteka ya ƙera ɗan akwatin ƙarfe da zai rufe soket ɗin, mai tsaga a ƙasa inda waya za ta fita, da ramukan shan iska don fulogin yana ɗaukar zafi idan ya yi awanni yana aiki. Ku biyu kowa ya riƙe makulli.

Yanzu ɓarawo. Shi iri biyu ne shi ma, mai ɗaukar caja sukutum ya sayar, da mai yanke waya saboda jan ƙarfen ciki, irin dai yadda ake yi wa wayoyin taransifoma da na fitilun titi. Kar ka ɗauka mu kaɗai ne, a Amurka da Ingila ana ta yanke wayoyin tashoshin caji, har kamfanin ChargePoint ya sanar da fito da waya mai wuyar yankewa da ƙararrawa a 2025. Abun takaicin, jan ƙarfen da ke ciki kuɗinsa bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da kuɗin sabuwar waya, ga shi mai yankewa yana wasa da ransa, don manyan cajojin nan masu sauri suna tura wuta volt 400 ko fiye.

Na farkon, mai ɗaukar caja sukutum, kana iya wahalar da shi. Ka zura sarƙa ko makullin keke ta cikin rim ɗin taya ka haɗa da wayar kusa da ɗan akwatin da ke jikin wayar cajar, yadda akwatin ba zai wuce ta cikin zoben ba. Ka rubuta lambar motarka a jikin akwatin da fenti, ka ɗauki hoton lambar da ke bayansa ka ajiye a waya. Amma don Allah kar ka bi shawarar masu cewa a taka wayar da taya, nauyin mota yana murƙushe ƙananan wayoyin ciki, kuma ba za ka gani ba sai ranar da ta fara zafi. Da ka gama caji ka naɗe ta ka jefa but, kar ka bar ta a kujerar baya ana hango ta ta gilashi.

Shi kuwa mai almakashin ƙarfe, gaskiya babu kwaɗon da zai tare shi, ido ne kawai. Ka zaɓi wajen da ke da haske da mutane, gaban ɗakin mai gadi ya fi bayan gini nesa ba kusa ba. Ka san mai gadin, ku gaisa, ka ba shi lambarka, ka nuna masa cewa wayar nan babu mai taɓa ta sai kai, in ka dawo ka ɗan ba shi na goro. Ranar Juma'a kuwa, tunda shi ma masallaci zai tafi, gara ka cire cajar kafin a tada salla.

TAMBAYA: Malam, ni kuma tawa akasin haka ce. Na je caji na tarar da mota ta cika tun tuni, mai ita ba ya nan. Laifi ne in zare? Daga wata 'yar'uwa a Unguwar Rimi.

AMSA: Hajiya, in wayar ta tashar ce, fitila ta nuna an gama, kuma kan ya saki da kansa, ba ki yi laifi ba, sai dai ki sa ma'aikacin wajen ya zare a gabanki, ki rufe masa murfin bakin cajin saboda ƙura da ruwa. In ya ƙi fitowa kar ki ja da ƙarfi, za ki karya ƙarfen makullin ki jawo wa kanki biya. In kuma wayar tasa ce ta kansa, kar ki taɓa, a nemo shi. Ke ma idan za ki bar taki, ki rubuta lokacin da za ki dawo a takarda ki ajiye a gilashin gaba, kuma a caja mai sauri in batir ya kai kashi 80 ki ba na baya waje, don daga nan cajin jan ƙafa yake yi sosai.